Silin da robar ƙofa a tsohuwar akori-kura: wanne ake fara sakawa?

Mai_F100: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina gyaran wata tsohuwar akori-kura ƙirar Ford F-100 ta shekarar 1966, an gama aikin inji da birki, an kuma fesa fenti ciki da waje, yanzu saura kayan cikin kan motar, wato ɗakin da direba da fasinja suke zama. Silin ɗin da na tarar a rufin motar ta ciki na kwali ne mai ƙananan huji, ya sha ruwa ta gefen direba har ya lanƙwashe ya yi baƙi, robar ƙofofin kuwa ta bushe ƙayau, da an taɓa ta sai ta riƙa marmashewa. Na sayi sabon silin da sabuwar roba, amma ban taɓa yin wannan aikin da hannuna ba. Abin da nake so in sani shi ne wanne ya kamata in fara sakawa, kuma ko gam kaɗai zai iya riƙe robar. Wani ya gaya mini cewa da zarar an saka sabuwar roba ƙofa ba ta sake rufuwa sai da bugu, ni kuma ba na son in ɓata fentin da aka sha wahala a kansa.

Tsohon_Makanike: Wa alaikumus salam. Malam, a ganina ba silin za ka fara ba, ba kuma roba ba. Ka ce tsohon silin ya sha ruwa ta gefen direba, to ruwan nan ta wata hanya ya shigo, kuma fenti ba ya toshe hanyar ruwa. A irin waɗannan motoci akwai ɗan indararo da ya zagaye gefen rufi, inda ƙarfen rufin ya haɗu da na jikin mota, kuma a cikinsa akwai wani abin cike da aka liƙa tun daga kamfani. Bayan shekaru masu yawa yakan bushe ya tsattsage, ruwa ya riƙa bi ta tsagar yana sauka a bayan silin ba tare da kowa ya gani ba. Ka sami wanda zai zauna a ciki da tocila, kai kuma ka riƙe tiyo a waje, ka fara zuba ruwa daga ƙasa kana hawa sama a hankali, domin idan ka fara daga sama ba za ka gane ainihin inda yake shiga ba. Wanda ya saka sabon silin kafin ya yi wannan gwajin tamkar wanda ya shimfiɗa sabuwar tabarma ne a ɗakin da yake yoyo.

Mai_F100: Na gode, Baba. Mai fentin ya ce ya goge indararon kafin ya fesa, amma ban tabbata ya kankare tsohon abin ciken ya saka sabo ba. Zan duba da kaina.

Gwanin_Bodi: Abin da Tsohon_Makanike ya faɗa gaskiya ne, sai dai ina so in ƙara da cewa indararo ba shi kaɗai ne abin zargi ba. Robar gilashin gaba, musamman a kusurwoyinta na sama, tana barin ruwa ya shiga idan ta tsufa, kuma sau da yawa akan tarar da tsatsa ta ci leɓen ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Akwai kuma raɓar da take taruwa a cikin rufin da kanta idan ƙarfe ya yi sanyi da dare alhali iskar cikin motar tana da laima, amma ita wannan takan ɓata silin ko'ina ne, ba gefe ɗaya ba. Tun da naka gefe ɗaya ne ya lalace, na fi zargin yoyo. Idan ya tabbata indararon ne, kada ka ji tsoron taɓa sabon fentin: ana liƙa tef a gefe da gefe, a kankare tsohon abin ciken har ƙarfe ya bayyana, a goge tsatsa, a shafa fentin farko, a cike, sannan a bi da ɗan burushi. Wurin ɓoyayye ne, gyaran ba zai fito fili ba. Kada dai ka cike shi da silikon irin na bandaki, domin fenti ba ya kama shi, kuma wani nau'insa yana fitar da sinadari mai tsami da yake jawo tsatsa.

Uwar_Ɗinki: Ni sana'ata ɗinkin kujeru da silin na motoci, don haka bari in yi magana a kan abin da ya shafe ni. Silin na kwali ya fi kowanne sauƙin sakawa, kuma ya fi kowanne saurin karyewa a hannun mai gaggawa. Idan ya zo a naɗe ko a lanƙwashe, a shimfiɗa shi a wuri mai ɗumi har ya saki jiki, kada a tilasta masa. Kafin a ɗaga shi sama, a auna tsakiyar rufin gaba da baya a sa alama da tef, a sa irin wannan alamar a tsakiyar kwalin, domin idan ya karkace ko da faɗin yatsa ɗaya ne za a gani a gefen ƙofa. Aikin mutum biyu ne, ɗaya yana tallafe da tsakiya da tafin hannunsa a buɗe, ɗayan yana shigar da gefen cikin mazauninsa. Kuma a wanke hannu tas, domin tabon yatsa a kan farin silin ba ya fita da sauƙi.

Akwai abu biyu da ake yawan mantawa sai an rufe. Na farko wayar fitilar ciki: a gwada ta tana kawo wuta, a duba ko rigarta ta tsage, a liƙe ta da tef a kan hanyarta don kada ta riƙa kaɗawa. Na biyu hujin makarin rana da na madubi idan a rufi yake. Ni nakan ɗora tsohon silin a kan sabon in kwafi wurin hujin, shi ya sa nake cewa kada ka jefar da tsohon komai lalacewarsa sai aiki ya ƙare. Idan tsohon ya riga ya tafi, a nemi hujin da allura mai kauri daga ƙasa, a fara da ɗan ƙaramin huji, a faɗaɗa shi bayan an tabbatar.

Direban_Dogon_Zango: Hajiya, ni abin da na sani shi ne ana fara jera sandunan ƙarfen ne daga baya zuwa gaba, a zura kowace a cikin aljihun da aka ɗinka a bayan yadin, sannan a ja gaba da baya kafin a ja gefe. Kuma sandunan ba tsawonsu ɗaya ba, dole a sa musu lamba tun lokacin cirewa, in ba haka ba silin zai yi ciki a wani wuri ya ɗame a wani.

Uwar_Ɗinki: Bayaninka daidai ne, Malam, amma na silin mai sanduna ne, wanda aka fi gani a ƙananan motocin shekarun 1950 da 1960. Mai tambaya ya ce nasa na kwali ne, babu sanda a ciki. Duk da haka zai amfani wanda yake da irin wancan, kuma zan ƙara masa da cewa ana riƙe gefen yadin da maƙalan takarda tukuna, a zagaya ana ja kaɗan-kaɗan har tamoji ya ɓace, sai a ƙarshe a sa gam. Sauran ƙananan tamoji kuma tururi ko iska mai ɗumi ce take fitar da su, amma a nesanta na'urar, domin idan yadin na leda ne, ledar tana ƙonewa ta yi sheƙi cikin ƙiftawar ido.

Mai_Son_Shiru: Tun da rufin yana buɗe yanzu, wannan ce damar da za ka liƙa abin rage ƙara da zafi, domin bayan an rufe ba wanda zai so ya sake buɗewa. Rufin waɗannan motoci falle ɗaya ne na ƙarfe mai faɗi, yana amsa-kuwwa da ruwan sama da kuma rurin inji. Ana sayar da wani shimfiɗi mai danƙo na robar butil da fatar alminiyom a bayansa, kuma ba sai an rufe ko'ina ba, idan aka liƙa a kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin filin, a tsakiyar wuraren da suka fi faɗi, amon yana mutuwa. Ka ƙwanƙwasa rufin da yatsa kafin da bayan liƙawa za ka ji bambancin da kunnenka. Abin da zan gargaɗe ka a kai shi ne irin wanda aka yi da kwalta, domin ƙarfen rufi mai duhun launi yana iya wuce digiri 70 a ma'aunin Salshiyas idan mota ta wuni a rana, kwaltar sai ta yi laushi ta saki, ta faɗo a kan silin, ga kuma wari. A kan butil ɗin za ka iya ƙara siririn soso wanda ba ya shan ruwa saboda zafi.

Asali_Ya_Fi: Ni ban goyi bayan wannan ba. Mota ce ta 1966, kuma wanda ya saye ta ya san abin da ya saya. Idan aka cika ta da kayan zamani har ta daina yin ƙarar da aka san ta da ita, to me ya rage na tsufanta? Bayan haka, duk abin da aka liƙa a jikin ƙarfe yana ɓoye tsatsa, kuma ranar da aka buƙaci walda a wurin sai an sha wahalar kankare shi.

Mai_Son_Shiru: Alhaji, abin da yake bayan silin ba wanda yake ganinsa, kuma kamfanonin da kansu sun riƙa liƙa wani abu mai kama da bargo a rufi da ƙasan motoci don wannan dalilin, ba sabon abu ba ne. Batun tsatsa kuwa, idan ƙarfen yana da fenti mai kyau kuma an danne shimfiɗin da abin murzawa har babu iska a ƙarƙashinsa, ruwa ba shi da wurin zama. Tsohon bargon nan shi ne ma yake shan laima ya riƙe ta.

Uwar_Ɗinki: Ba zan shiga tsakaninku ba, amma duk wanda zai liƙa wani abu a rufi ya auna tazarar da ke tsakanin ƙarfe da silin tukuna. An taɓa kawo mini wata mota da aka cika rufinta da soso mai kauri, kwalin ya ƙi komawa mazauninsa, da aka matsa masa sai ya tsage daga wajen fitila har zuwa gefe.

Tsohon_Makanike: Bari mu koma ga ƙofofin, domin a nan ne mai tambaya ya fi damuwa. Malam, kafin ka buɗe kwalin robar ma, ka buɗe ƙofar rabi, ka kama ƙarshenta daga ƙasa ka ɗaga sama. Idan ta motsa ka ji ƙwas, to fil da bushin na hinjin, wato ƙusar da ƙofa take juyawa a kanta da zoben da ƙusar take zama a ciki, sun cinye, kuma ƙofar ta sauka daga inda ya kamata ta tsaya. Ƙofar direba ce ta fi yin haka saboda ita aka fi buɗewa. Sai an canza su, a daidaita ƙofar babu roba a jikinta, a ga tazarar da ke tsakaninta da jikin mota ta zo daidai sama da ƙasa, gaba da baya, kuma fuskarta ta yi daidai da fuskar bodi ba ta shige ciki ba, ba ta kuma fito waje ba. Idan ta rufu da yatsa ɗaya babu roba, sai ka zana alama da fensir a zagayen hinjin da kuma ƙarfen da makulli yake kamawa a jikin ginshiƙi, domin ka san inda za ka dawo. Yawancin masu cewa sabuwar roba ta hana ƙofa rufuwa, ƙofarsu dama a karkace take, tsohuwar robar da ta mutu ce take rufa mata asiri.

Sarkin_Gam: Game da tambayarka ko gam kaɗai ya isa, amsar ita ce ya isa idan gam ɗin da aka yi don robar ƙofa ne, kuma aka bi ƙa'idarsa. Kamfanin 3M yana yin sa baƙi da rawaya, ni na fi son baƙin domin idan ya ɗan ɓullo a gefe ba ya nuna kansa. Amma sirrin aikin yana wajen shiri. Sabuwar roba tana fitowa daga masana'anta da wani santsi a jikinta, wanda ake shafa wa mazubi don kada ta manne, kuma gam ba ya kama wannan santsin ko kaɗan. Ka goge bayan robar da tsumma da sifirit har tsumman ya daina yin baƙi, wasu ma sukan ɗan bi shi da samfefa mai laushi. Mazaunin robar a jikin ƙofa shi ma ya zama babu tsohon gam, babu ƙura, babu maiƙo.

Bayan haka sai ka gwada robar a bushe, ka zagaya da ita kana riƙewa da tef, ka tabbatar ka gane ta dama da ta hagu da kuma ɓangaren da leɓenta yake fuskanta, domin idan aka juya ta ruwa ciki za ta riƙa turawa. Sannan ka shafa gam siriri a jikin ƙarfe da jikin roba, ka bar su su sha iska har ya zama idan ka taɓa yana danƙo amma ba ya bin yatsa, sai ka ƙara ɗan kaɗan a gefe ɗaya ka haɗa ka danna. Kada ka shafa wa ƙofar gaba ɗaya a lokaci guda, ka riƙa yin kamar tsawon kamu biyu kana ci gaba. Gam mai yawa ba ya ƙara ƙarfi, jinkirin bushewa kawai yake jawowa robar ta riƙa zamewa. Idan robarka tana da ƙananan maƙalai na roba ko na ƙarfe da suke shiga huji, su ne jagoranka, ka fara da su.

Gwanin_Bodi: Zan ƙara abu ɗaya a kan na Sarkin_Gam, kuma shi ne wanda na fi ganin ana kuskurewa: kada a ja robar. Mutum yakan ga kamar ta yi gajarta sai ya riƙa miƙar da ita yana liƙawa, bayan 'yan makonni ta koma tsawonta na asali, ta ɓalle daga kusurwa ko ta bar giɓi a mahaɗa. Ana fara kafa kusurwoyin da aka zuba su a lanƙwashe, musamman ta sama, sannan a raba sauran tsawon a tsakaninsu. Idan irin mai baki biyu ce da ake yankewa, mahaɗar ta kasance a ƙasan ƙofa ta tsakiya, a yanke ta da ɗan ragowa kamar rabin santimita, a tura bakunan su danni juna da ɗigon gam. Kuma a lura da hujojin da suke ƙasan ƙofa, waɗanda ruwan da ya bi gilashi ya shiga ciki yake fita ta cikinsu. Idan gam ko roba ta toshe su, ƙofar za ta riƙa tara ruwa ta ruɓe daga ciki.

Ɗan_C10: Tawa Chevrolet C10 ce ta 1970, ita kuma robarta a jikin kan mota take zama, ba a jikin ƙofa ba. Na saka irin wadda ake turawa ta ciji leɓen ƙarfe babu gam, kuma na ji daɗinta ƙwarai, domin idan ba ta zauna daidai ba sai a zare a sake. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya sha wahalar gam ba alhali ga wannan.

Sarkin_Gam: Ɗan'uwa, dalilin shi ne ba kowace mota ce take da leɓen da za a tura irin wannan robar ba. Taka tana da shi a wurin da ya dace, shi ya sa ta yi maka. Inda aka tsara robar ta zauna a jikin ƙofa, idan aka ƙara wata a jikin bodi kauri zai yi yawa, idan kuma aka bar ta ita kaɗai ba lallai ta taɓa inda ya kamata ba. Mai_F100 ya duba inda tsohuwar ta zauna ya mayar da sabuwar nan.

Mai_F100: Tsohuwar a jikin ƙofa take, a liƙe. Na kuma gwada ɗaga ƙofofin kamar yadda Baba ya ce, ta fasinja ba ta motsi, ta direba kuwa tana wasa sosai, don haka zan nemi fil da bushin. To idan na daidaita komai kuma ƙofar ta ƙi rufuwa bayan na saka robar fa?

Tsohon_Makanike: Za ta yi tauri da farko, wannan babu makawa, domin sabuwar roba ba ta riga ta ɗauki siffar wurin ba. Abin da nake yi shi ne in sassauta ƙarfen da makulli yake kamawa in matso da shi waje kaɗan, kamar milimita biyu ko uku, yadda ƙofar za ta kama ba tare da bugu ba. Sai a bar ƙofofin a rufe, in da hali a wuri mai ɗumi, bayan mako ɗaya ko biyu a mayar da shi ciki kaɗan, a haka har ya koma kan alamar fensir. Amma a bar gam ya kwana ya bushe kafin a fara rufewa da ƙarfi, kuma a liƙa leda siririya ko tef a inda robar za ta taɓa sabon fenti idan fentin bai daɗe ba, don kada su manne da juna. Sannan idan za ka gwada, ka sauke gilashi kaɗan. Kan akori-kura ƙarami ne, idan roba ta toshe ko'ina iskar da ƙofa ta turo ba ta da mafita, sai ta riƙa mayar da ƙofar. Idan da gilashi a sauke tana rufuwa lafiya, to iska ce, ba robar ba.

Asali_Ya_Fi: Da girmamawa, Baba, ni ina ganin matsar da wannan ƙarfen yakan zama hanyar ɓoye matsala. Robar asali ta waɗannan motoci mai laushi ce kamar soso, tana matsuwa da sauƙi. Wasu daga cikin waɗanda ake bugawa yanzu sun fi kauri kuma sun fi tauri, har shekara ta zagayo ba sa kwanciya. Na ga motar da ƙofarta ta tsaya a waje da layin bodi har abada saboda an matsar da ƙarfen ana jiran roba ta kwanta, ita kuma ba ta kwanta ba. Shawarata ga mai tambaya ita ce ya yanko guntun tsohuwar daga inda ba ta lalace sosai ba, ya ɗora bakinta kusa da bakin sabuwar ya gwada siffarsu da kaurinsu, ya kuma matsa sabuwar tsakanin yatsu biyu. Idan sai ya yi da gaske take matsuwa, ya mayar da ita ya nemi wata tun bai sa mata gam ba.

Tsohon_Makanike: Ban musa ba, Alhaji, akwai robar da ba ta da magani sai canji. Amma ko mai kyau ce tana buƙatar lokaci, kuma gara a matsar da ƙarfe na ɗan lokaci da a riƙa buga ƙofa har gilashi ya fashe ko hannun ƙofa ya karye.

Malama_Injiniya: Akwai hanyar da za ta raba wannan gardama da awo maimakon hasashe. Bayan an saka robar, a yanko takarda mai faɗin yatsu uku, a rufe ƙofa a kanta, a ja. Inda ta fito da ɗan tirjiya, robar ta zauna daidai. Inda ta zare ba tare da komai ya riƙe ta ba, akwai giɓi, kuma nan ne iska za ta riƙa yin fito a kan hanya. Inda ta ƙi fitowa har ta yage, matsin ya yi yawa. A zagaya ƙofar duka da wannan gwajin. Ana kuma iya goga alli a fuskar robar a rufe a buɗe, a ga inda ya bar shaida a jikin bodi. Idan matsin ya yi yawa ko'ina, robar ce ta yi kauri kamar yadda Asali_Ya_Fi ya ce. Idan kuwa a gefe ɗaya ne kawai, saitin ƙofa ne.

Direban_Dogon_Zango: Mu dai a hanya abin da muke yi idan roba ta yi tauri ko tana ƙara shi ne mu shafa mata ɗan man inji ko basilin, nan take take laushi.

Malama_Injiniya: Malam, laushin da kake gani alamar lalacewa ce. Yawancin robar ƙofa ta yanzu da wani nau'i ake yin ta mai suna EPDM, wanda ya fara yaɗuwa a shekarun 1960, kuma an zaɓe shi ne domin yana jure rana da ruwa da iskar ozon da take tsattsaga robar zamanin da. Rauninsa shi ne duk wani mai da aka samo daga fetur, yana shan sa ya kumbura ya yi laushi, daga baya ya lalace, kuma man yana iya bi ya sassauta gam ɗin. Man inji da basilin da giris duk daga fetur suke. Abin da ya dace shi ne man silikon, a shafa a tsumma a goga siriri, ko hodar talkum. Sai dai kada a fesa silikon kusa da inda za a sake yin fenti, domin yana hana fenti kwanciya.

Uwar_Ɗinki: Tun da an zo maganar sinadarai, ina roƙon mai tambaya ya yi aikin gam a wuri mai iska, ƙofofi a buɗe, babu wuta ko sigari a kusa, domin tururinsa yana kama wuta kuma yana sa jiri a ƙaramin wuri irin kan mota. Idan kuma ya tarar da sheƙar ɓera a lungun rufi, abin da ake yawan samu a motar da ta daɗe a ajiye, kada ya share ta a bushe. Ya sa takunkumi da safar hannu, ya jiƙa wurin da ruwan bilic, sannan ya kwashe.

Mai_F100: Na yi gwajin tiyo yau. Indararon bai zubar ba, amma da ruwa ya kai kusurwar gilashin gaba ta sama a gefen direba sai ga shi yana bin ginshiƙi yana gangarowa, kamar yadda Gwanin_Bodi ya yi zargi. Mai fentin bai cire gilashin ba, tef ya liƙa a kan tsohuwar robar ya fesa. Yanzu ina tunanin ko in cusa abin cike a ƙarƙashin leɓen robar in ci gaba da aikina, ko kuwa sai an cire gilashin.

Gwanin_Bodi: A cire shi. Robar da ta kai wannan shekarun ba ta da sauran rai, kuma ba ka san halin da ƙarfen ƙarƙashinta yake ciki ba sai ka gani da idonka. Hanyar da ba ta fasa gilashi ita ce a yanke leɓen tsohuwar robar da reza a ɗauke gilashin a hankali, kada a tura shi da ƙarfi. Wajen mayarwa ana sa sabuwar roba a jikin gilashi, a zura igiya mai ƙwari a cikin kwarmin robar ta zagaye, bakunanta su haɗu a ƙasa ta tsakiya, a jiƙa da ruwan sabulu. Mutum ɗaya yana danna gilashin daga waje da tafin hannu, na ciki yana jan igiyar sannu a hankali tana ɗora leɓen robar a kan ƙarfe. Kuma ka duba ko gefen silin ɗinka yana shiga ƙarƙashin robar gilashin gaba ko ta baya, domin idan haka ne, silin ne zai riga gilashi shiga.

Sarkin_Gam: Ni ina da ɗan ja a nan. Gilashin gaba na wannan ƙirar mai lanƙwasa ne, tsohon gilashi kuma yana da saurin tsagewa daga gefe, samun wani ba lallai ya zo da sauƙi ba. Idan robar ba ta tsage ba kuma babu kumburin tsatsa a gefenta, akwai abin cike da ba ya bushewa wanda aka yi don a cusa tsakanin roba da ƙarfe, kuma yana tsayar da irin wannan yoyon shekaru. Mai_F100, ka ɗaga leɓen robar a wannan kusurwar da wani abu na roba mai faɗi, ba sukudireba ba, ka haska tocila ka gaya mana launin ƙarfen da ka gani.

Mai_F100: Na ɗaga na duba. Ƙarfen ja ne a wurin, kamar tsawon yatsa, amma da na danna shi bai lotsa ba. Gefen silin kuma ban ga alamar ya shiga ƙarƙashin robar gaba ba, ta baya ce ban tabbatar ba tukuna, sai na cire ragowar tsohon kwalin da ya maƙale a wurin.

Tsohon_Makanike: Jan tsatsar da ka gani a bakin leɓe ne kawai, ba ka ga na cikin kwarmin ba. Ka ci gaba da aikin hinji da robar ƙofa, domin su ba ruwansu da gilashi, silin kuwa ka ajiye shi a kwance a wuri busasshe har ka yanke shawara. Idan ka zaɓi cirewa, ka kira wanda ya saba da aikin gilashi ya tsaya tare da kai, ka kuma tanadi sabuwar robar a hannu kafin a yanke tsohuwar.

Uwar_Ɗinki: Idan ka cire ragowar kwalin na baya, ka lura ko bakinsa yana da shaidar matsi ko baƙin roba a jikinsa, wannan zai nuna maka ko a ƙarƙashin robar ya zauna. Ka ajiye guntun tare da sauran tsohon silin, za mu buƙace shi wajen auna inda za a rage sabon idan ya yi faɗi.